Abin Da Ke Sa Jijiya Ta Ɗaure Wa Masu Wankin Ƙoda

Yau za mu yi magana a kan wata wahala da ke samun 'yan'uwanmu masu ciwon ƙoda, waɗanda a ke kaiwa asibiti a yi musu abin da a ke kira wankin ƙoda. Wahalar kuwa ita ce ɗaurewar jijiya. Wasu su kan ce ƙafa ta ƙage, wasu su ce nama ya murɗe, duk dai abu ɗaya ne. Ko da ya ke jijiya mu ka saba cewa, ainihin abin da ke ɗaurewa tsoka ce, watau jan naman nan da ke motsa ƙashi.

Ko wanenmu ya san ta. Manomi ya wuni yana huɗa cikin rana, da dare yana barci sai ya ji sha-raɓarsa ta dunƙule kamar dutse, ya zabura ya tashi. Ga mai lafiya abin na minti ɗaya ne ko biyu, ya wuce. Amma ga mai wankin ƙoda ta kan zo a kai a kai. Cikin mutum uku da a ke yi wa wankin, a ƙalla ɗaya yana fama da ita. Ta kan yi tsanani har magidanci ya yi hawaye, ya ce a kwance masa injin, shi ya haƙura. To, a nan haɗarin ya ke. Ɗaurewar jijiya ba ta kisa, amma wanda ya gudu daga wankin sabo da ita, ko ya riƙa sa a katse masa kafin lokaci, ransa ya ke saidawa. Shi ya sa mu ke so ku san dalilinta, ko don ku taimaki wani naku.

Bari mu fara da ƙodar kanta. Ko wane mutum yana da ƙoda biyu, a baya, wajen ƙugu, ko wace kamar girman dunƙulen hannunsa. Aikinsu tace jini ne, kamar yadda mata ke tace gasara da mataci. Dare da rana jini yana ratsa su. Su kan tace ruwa wajen lita 180 a kwana ɗaya, su mai da kusan dukansa cikin jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu tare da dauɗa. Shi ne fitsari. Su ne kuma ke auna gishirin da ke cikin jini, kada ya yi yawa, kada ya gaza. In hawan jini ko ciwon sukari ko wani ciwo ya kashe su, sai dauɗa da ruwa su taru a jiki. Ƙafafu su kumbura, fuska ta kumbura, numfashi ya yi wuya. A ƙasarmu an daɗe ana kukan yawan wannan ciwo a wajen Gashuwa da Haɗejiya, amma babu lardin da ya tsira daga gare shi.

Wankin ƙoda ba ƙodar a ke cirowa a wanke ba, kamar yadda wasu ke zato. Jini a ke wankewa. A kan jawo shi ta wata siririyar roba, ya bi ta cikin matacin inji, ya komo jiki. Wani likita mutumin Holan, Willem Kolff, shi ya fara haɗa injin da ya yi aiki, a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Sai a 1945 a ka sami wadda ta fara rayuwa ta dalilinsa. A 1960 kuma wani likitan Amurka, Belding Scribner, ya gano hanyar da za a riƙa yi wa mutum ɗaya wankin a kai a kai, shekara da shekaru. Ƙa'ida ita ce sau uku a mako, ko wane zama wajen awa huɗu.

Ku riƙe wannan lissafi. Mako yana da awa 168. Ƙoda mai lafiya tana aiki cikin dukansu, a hankali, ba gaggawa. Inji kuwa awa 12 kaɗai ya ke da su a mako. Watau ruwan da ya taru cikin kwana biyu ko uku, dole a kwashe shi cikin awa huɗu. Wannan gaggawa ita ce uwar ɗaurewar jijiya.

Ga misali wanda duk mun sani. Da bazara rijiya ta kan ja baya. Ruwa yana nan cikin ƙasa, amma a hankali ya ke tsattsafowa. In mata su ka taru su ka yi ta zura guga ba hutawa, sai rijiya ta ƙafe, guga ya riƙa fitowa da laka. Ba don ruwa ya ƙare a ƙasa ba, sai don an fi ƙarfin idon rijiyar. In an dakata kaɗan, sai ruwa ya sake taruwa.

To, haka jikin mai wankin ƙoda ya ke. Jinin babban mutum duka bai wuce wajen lita 5 ba. Shi ne rijiyar. Ruwan da ya yi wa mutum yawa kuwa, mafi yawansa ba cikin jini ya ke ba, yana kwance cikin nama, a ƙafafu, a ciki, a huhu. Inji ba ya iya kaiwa can. Daga jini kaɗai ya ke ɗiba, sa'an nan ruwan da ke cikin nama ya tsattsafo ya cike gurbin. In inji yana ɗiba da sauri fiye da yadda ruwa ke tsattsafowa, sai jini ya ragu cikin hanyoyinsa, ƙarfinsa ya faɗi. Jiki kuwa yana da wayo. Da ya ga jini ya yi kaɗan, sai ya tsuke hanyoyin da ke zuwa ƙafafu da hannuwa, ya tattara abin da ya saura ya kai wa zuciya da ƙwaƙwalwa. Tsokar ƙafa ta rasa isasshen jini, sai ta murɗe. Don haka ne ɗaurewar ta fi zuwa can wajen ƙarshen zama, cikin awa ta uku ko ta huɗu. Sau da yawa kuma tana tafe da hamma, da jiri, da tashin zuciya, da gumi mai sanyi. Sha-raɓa da tafin ƙafa ta fi kamawa, amma ta kan kama yatsun hannu, har da naman ciki.

Yanzu ku ɗauko allunanku mu yi lissafi. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Ruwan leda guda rabin lita ne. In an sallami mutum ran Jumma'a yana kilo 60, ya komo ran Litinin yana kilo 65, ba ƙiba ya yi ba. Ruwa ne ya tara, lita 5, watau ruwan leda goma. Likitoci ba su son a ɗebi fiye da mililita 13 a ko wace awa ga ko wane kilo na nauyin mutum. Mililita dubu su ne lita ɗaya. To, 60 sau 13 nawa ke nan? 780. Cikin awa huɗu, 3,120, watau lita uku da 'yan kai. Amma mutuminmu lita 5 ya zo da su. In za a kwashe su duka cikin awa huɗu, sai an ɗebi 1,250 ko wace awa. Kun ga an wuce iyaka da nisa. Malamin asibiti ya shiga tsaka mai wuya. In ya ɗebe duka, jijiya ta ɗaure, jini ya faɗi. In ya bar saura, mutum ya koma gida da ruwa a huhu.

Me ke sa mutum ya tara ruwa haka? Za ku ce shan ruwa. Gaskiya ne, amma ku tambaya, me ya sa shi sha? Gishiri. Wanda ya ci gishiri dole ya ji ƙishirwa, ba kuwa wanda ya isa ya hana mai ƙishirwa shan ruwa. Mu kan ga dangi sun tsare mara lafiya suna faɗa, sun ɓoye masa randa, alhali kuwa su ne su ka zuba masa dunƙule uku a miya. Wannan ba adalci ba ne. Masana sun ce ko mai lafiya kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau kamar ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗe da wanda ke ɓoye cikin abinci. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne. Yaji akwai gishiri, kilishi da tsire akwai, taliyar leda da kifin gwangwani akwai, burodi ma akwai. Kanwa kuma, ko da ya ke ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai, 'yar'uwarsa ce, aiki ɗaya su ke yi a jini. Uwargida, in kina da mai wankin ƙoda a gida, ki ɗebar masa miyarsa kafin ki sa gishiri da dunƙule. Ki gyara masa da albasa, da tafarnuwa, da citta, da ɗan lemun tsami. Mako biyu ko uku na fari zai yi ta ƙorafi, daga baya harshe ya saba.

Sa'an nan a sani, ba ruwan randa kaɗai ne ruwa ba. Koko ruwa ne, kunu ruwa ne, fura da nono, da shayi, da zoɓo, da romo, da kankana, duk a cikin lissafi su ke. Likita ne zai yanke wa ko wane mutum abin da zai sha. Yawanci a kan auna fitsarin da ya ke yi a kwana ɗaya, a ƙara masa wajen rabin lita a kai. A auna wannan a zuba a buta guda tun da safe, a riƙa sha da ƙaramin kofi. In ƙishirwa ta matsa, a kurkure baki a zubar, ko a tsotsi 'yar ƙanƙara. Mai ciwon sukari kuma ya lura, in sukarinsa ya hau, ƙishirwa ta kan ƙaru.

Akwai wani dalili wanda ba laifin mara lafiya ba ne, ba kuwa na matarsa ba, shi ne rashin kuɗi. Wankin yana da tsada, asibitocin da ke yinsa kuma a manyan garuruwa su ke. Da yawa daga mutanenmu ba su iya zuwa sau uku a mako. Wani sau ɗaya, wani sai an sai da akuya ko buhun gero. Wanda ya yi kwana bakwai ko goma bai je ba, ruwa da dauɗar da zai tara ba kaɗan ba ne, ranar da ya je kuwa zai sha wuya. A 2025 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Ya kamata dangi su tambaya a inda su ke zuwa ko akwai wani rangwame. In dai an san ba za a iya zuwa yadda ya kamata ba, to, sai a ƙara tsanantawa wajen gishiri da ruwa, a kuma gaya wa likita gaskiyar halin da a ke ciki, ba kunya. Zai fi sanin yadda zai tsara abin.

Wani lokaci kuma mutum bai tara ruwa da yawa ba, amma jijiya tana ɗaure masa ko wane zama. A nan sai a duba abin da za mu kira nauyin gaskiya. Shi ne nauyin mutum in an raba shi da ruwan da ya yi masa yawa. Likita ne ke ƙiyasta shi, a rubuta a kati, inji kuma ya riƙa ɗibar ruwa har a kai gare shi. To, nauyin gaskiya ba ya tsayawa wuri ɗaya. A ce an rubuta wa mutum kilo 55 lokacin da ya ke kwance ba ya cin abinci. Bayan wata uku ya sami sauƙi, ya yi nama, nauyinsa na gaskiya ya kai 57. In ba a gyara katin ba, inji zai yi ta neman ruwa kilo biyu wanda babu shi. Kamar a yi ta matsar tsumman da ya riga ya bushe ne. Haka kuma in mutum ya yi zawo ko amai, ko ya yi gumi mai yawa cikin zafin bazara, ko ya ɗauki azumi, zai zo jikinsa a bushe. Lalle ne ya faɗa kafin a ɗaura masa inji. Maganar azumi kuwa, a shawarci likita tun watan bai kama ba.

Bayan ruwa, sai gishirin jini. Ba iri ɗaya ba ne. Akwai sodiyam, shi ne na gishirin miya. Akwai fotashiyam, da kalshiyam, da magniziyam. Da su tsoka ke ɗamewa ta saki. Cikin inji akwai wani ruwa da a ke haɗawa, wanda ke janye dauɗa daga jini. In sodiyam na wannan ruwa ya yi ƙasa ƙwarai, ko gishirin jini ya sauya farat ɗaya, tsoka ta kan rikice ta murɗe. Ƙarancin kalshiyam ko magniziyam ma ya kan jawo haka, har a gida, da dare. Wannan ba a gane shi da ido, sai an ɗebi jini an auna. Ƙarancin jini, da toshewar hanyoyin jini na ƙafa, wanda ya fi samun masu ciwon sukari da masu shan taba, su ma suna ƙara wa abin tsanani.

Abu biyu kuma ƙanana. Cin abinci mai nauyi ana cikin wanki ya kan janye jini zuwa hanji, ƙarfin jini ya faɗi. Maganin hawan jini kuma, in an sha shi dab da zama, ya kan yi haka ga wasu. Kada dai mutum ya bar shan maganinsa don ra'ayin kansa. Ya tambayi likita wane lokaci ya fi.

Yanzu ga inda mu ke so ku buɗe kunne sosai, domin a nan ne masu son mutum ke cutarsa. In an ji jijiya tana ɗaure wa wani, kowa sai ya zama likita. Wannan ya ce a ci ayaba, wancan ya ce dabino, wani ya kawo ruwan kwakwa. Ga mai lafiya ba laifi. Ga wanda ƙodarsa ta mutu kuwa, waɗannan suna cike da fotashiyam, shi kuwa ba shi da hanyar fitar da shi. In ya taru a jini ya kan tsai da zuciya, ba sallama. Haka gishirin nan na kanti da a ke cewa na masu hawan jini ne, yawancinsa fotashiyam a ka sa a madadin sodiyam. Kada ya shiga tukunyar mai ciwon ƙoda. Wani kuma zai ce a sha jiƙon kanwa ko ruwan gishiri. Wannan ƙishirwa zai ƙara, ruwa ya ƙaru, zama na gaba ya fi na baya wuya.

Da can likitoci su kan ba da kwinin, maganin zazzaɓin nan, don ɗaurewar jijiya. Daga baya a ka ga yana iya rikita bugun zuciya, ya sa zubar jini, ya taɓa ji. A 2006 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a daina shansa don wannan. Magungunan ciwon jiki da a ke saya a kemis ko a hannun masu talla, irin su ibufurofen da dikulofenak, suna ƙarasa ɗan abin da ya saura na ƙoda, suna kuma sa gyambon ciki ya yi jini. Farin maganin gyambon ciki na ruwa ma, da yawansa akwai magniziyam a ciki, ya kan taru ya yi lahani. Saiwoyi da jiƙe-jiƙe kuwa, ba wanda ya auna abin da ke cikinsu. Mu dai shawararmu, kada kome ya shiga bakin mai wankin ƙoda da sunan magani sai likitansa ya gani.

To, in ta kama mutum yana kan inji fa? Ya yi magana nan da nan. Kada ya cije don kada a ce ya cika raki. Tun ya ji yatsa ya fara motsi da kansa, ko hamma ta fara yawa, ya kira malamin asibiti. Su sun san abin yi. Za su rage saurin ɗibar ruwa ko su tsai da shi na ɗan lokaci, wankin jini kuwa yana ci gaba. Za su auna jini, su kwantar da kai su ɗaga ƙafafu in ya faɗi. In ya kama, su sa ɗan ruwan gishiri na asibiti ko na sukari ta cikin robar. Wani lokaci a kan rage ɗumin ruwan inji kaɗan, ko a ƙara tsawon zama don a ɗebi ruwa a hankali. Wanda a ka ce ya ƙara rabin awa kada ya yi fushi, gata a ka yi masa.

Mai jinya ma yana da aiki. Ya miƙe ƙafar sosai, ya tallafi diddige, ya tura yatsun sama wajen fuskar mara lafiya, ya riƙe har tsokar ta saki, sa'an nan ya murza ta a hankali. Kada mara lafiya ya yunƙura ya miƙe tsaye yana kan inji, jiri zai iya kayar da shi, allura ta fizge. A gida kuwa, in ta zo da dare, ya dafa bango ya tsaya, ya mai da ƙafar baya, diddige a ƙasa, ya karkata gaba. Yin haka kafin a kwanta ya kan taimaki wasu. Tsumma mai ɗumi yana da amfani, amma mai jinya ya fara taɓa ruwan da hannunsa, domin mai ciwon sukari sau da yawa ƙafarsa ba ta jin zafi, sai ya ƙone bai sani ba. Hannun da likita ya haɗa wa jijiyoyi don wanki kuwa, ba a matsa shi, ba a ɗaure shi, ba a kwanciya a kansa. In yatsun wannan hannu su na yin sanyi, su na ciwo ko su na ƙagewa, a gaya wa likita da wuri.

Ku da ku ke koyon rubutu, ga inda zai yi muku rana. A sami ɗan littafi. Ko wane zama a rubuta kwanan wata, da nauyin mutum kafin wanki, da nauyinsa bayan wanki. In jijiya ta ɗaure, a rubuta wace gaɓa ce, a awa ta nawa. A rubuta in an yi zawo, ko an ci wani abu dabam, kamar ran suna ko biki. Bayan zama biyar ko shida a nuna wa likita. Da wannan zai gane ko ruwa ne ke yawa, ko katin ne ke son gyara, ko jini ne za a auna.

Amma akwai alamun da ba a tsayawa rubuta su. In ɗaurewar ta zo da ciwon ƙirji, ko numfashi ya gagara in an kwanta, ko ƙafafu su ka mutu mutum ya kasa ɗaga su, ko zuciya tana tsalle tana tsayawa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura ita kaɗai tana zafi, ko ta yi sanyi ta sauya launi, to, a nemi mota a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, ko da kuwa ranar wankinsa ba ta zo ba.